Jakar Wuƙaƙen Yaya Ɗahiru

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Ɗahiru makwancinsa a nan Jidda. Kwana kaɗan bayan ƙaramar salla ya tafi, shi ya sa har yau idan an idar da sallar idi nakan waiga hagu, inda ya saba tsayawa yana gyara hularsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Duk shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, duk shekara kuma sai in fasa, don na san in na fara ba zan iya tsallake maganar jakar wuƙaƙe ba. Bana dai na ɗaura niyya, kuma zan faɗe ta yadda ta faru.

Iyayenmu Hausawan Sudan ne, mu kuwa a Jidda aka haife mu, a unguwar Kurayyat muka tashi. Ni na gaji sana'ar mahaifinmu, sayar da turaren ud. Shi ya kama aikin fiton kaya a Tashar Jiragen Ruwa, idan lokacin hajji ya zo kuma ya ɗauki hutu ya je taimakon alhazai. A nan ya tsinci Alhaji Yusufu, wani mai kwalekwale daga Kambodiya, ɗan ƙabilar Cham, Musulmin da ke zaune a bakin kogunan ƙasar. Bawan Allah ya ɓace wa 'yan uwan tafiyarsa, ba shi da abin magana sai ɗan Larabcin da ya koya a gaban malaminsa. Yaya ya kawo shi gida, ya kwana uku yana fama da asida, tuwonmu na Sudan, da miyar busasshiyar kuɓewa. Da zai tafi ya ce lallai Yaya ya rama ziyara. Duk mun ɗauka maganar ban kwana ce kawai. Ba a yi shekara ba Yaya ya lallaɓa kafilinsa, uban gidan da takardun zamansa ke hannunsa, aka buga masa bizar fita da dawowa, ya kama hanya.

Abin kunyar shi ne, ni da nake wuni ina rantse wa masu saye cewa wannan itace Kambodi ne na asali, da an ba ni taswira a lokacin ba zan iya nuna ƙasar ba.

Ya dawo bakinsa bai rufuwa. Daga labari sai wasu suka ce a je da su, daga mutum huɗu aka koma takwas, har abin ya zama sana'a ta biyu. 'Yan kasuwarmu na Balad, tsohon garin Jidda, suna binsa, haka likitoci da injiniyoyin Nijeriya da ke aikin kwantaragi a nan, waɗanda suka gaji da kashe hutunsu a manyan kantuna. Su ne suka laƙaba masa Madugu. Yakan fara da su daga tsofaffin haikalan Khmer na Angkor, inda saiwar itace ta rungume katangar dutse tana tsaga ta a hankali. Daga nan a gangara garuruwan bakin ruwa, masu gidaje a kan dogayen turaku, a ci kifi da shinkafa a gidan Alhaji Yusufu, a yi salla a masallacin unguwarsu. Ƙarshen tafiya kuma a hau tudu, ƙasar jan turɓaya da sanyi, zuwa wani ƙauye da rufin ciyawar gidajensa ke kusan taɓa ƙasa. Wannan ƙauyen shi ne abin alfaharinsa. Sai da ya yi zuwa uku shi kaɗai, yana gaisuwa kawai, kafin su yarda ya kawo musu baƙi.

Ba a bar shi haka nan ba, mu da muka san bakin mutanenmu. An ce yana kwasar Musulmi yana kai su gidan gumaka. Bai taɓa ɗaga murya a kan wannan ba. Cewa yake ba bauta ta kai shi ba, kallo ne da tunani, kuma wanda ya ga yadda daji ya cinye ginin sarakunan da suka fi mu ƙarfi, in ya dawo sallarsa ta fi nutsuwa. Yana da ƙa'idojinsa kuma. Ba a salla a cikin harabar haikali, sai a fita waje a nemi inuwa. Ba a dariya ga abin da wani ke girmamawa. Shi kuma kullum a baya yake tafiya, tare da wanda ya fi kowa nauyin ƙafa, al'adar da ya ɗauko daga aikin alhazai.

A shekara ta shida na bi shi. Ba haikali ya ja ni ba, gaskiya, itace ya ja ni. Duk mai sana'armu yana yawo da 'yar wuƙa a aljihu, wadda muke kankare ud da ita, mu ɗora ɗan ɓarɓashi a garwashi mu shinshina. Hannunmu ya saba har ba ma sanin mun yi. Ko ƙofar gidan mutum muka ga ta yi mana kama, sai mun ji kamar mu kankara.

Ranar da muka isa ƙauyen, Yaya ya tara mu ya ja kunne. Ya ce dajin da ke bayan gari na kakanninsu ne a wurinsu, ba a sara, ba a karya reshe, ko ganye ba a tsinka. Na ji shi sarai. Amma da muka zaga da safe na hango wata itaciya mai farin ɓawo da wani baƙin tabo a gindinta, zuciyata ta ce wannan ita ce. Bayan azahar, mutane sun ci sun miƙe ƙafa, na sulale na koma. Na ce ai ɗan kankara ne, ba sara ba. Na yanki abin da bai fi farcen babban yatsa ba, na kunna masa ashana. Ina ɗaga kai na ga wata tsohuwa da kwandon itace a bayanta tana kallona. Ta juya ta tafi.

Kuma don a san iyakar wautata: ba ma itacen ud ba ne. Warin ɗanyen kara kawai ya yi.

Kafin la'asar aka aiko kiran Yaya. Mu uku muka je, shi da ni da Alhaji Yusufu mai yi mana tafinta. Yaya ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya cire hula, ya zauna ƙasa a gaban dattijon ƙauyen kamar yadda muke zama gaban mahaifinmu in mun yi laifi. Na buɗe baki zan fara kame-kame, ya dafa ƙafata, ya ce wa Alhaji Yusufu:

"Gaya masa hannun ƙanina ne ya yi, amma ni na kawo hannun. Da ni za a yi magana."

Dattijon ya ce a al'adarsu sai an yi yanka an ba dajin haƙuri, kuma wanda ya yi laifin shi ke tsayawa a wurin. A nan na ga abin da ya sa suka yarda da shi tun farko. Bai yi musu wayo ba, bai ce to don a rabu lafiya ba. Ya ce addininsa bai ba shi damar yin yanka ga wanin Allah ba, kuma ba zai tsaya yana riya abin da bai yi imani da shi ba, don wannan raini ne gare su. Ya ce ban da wannan, duk hukuncin da suka yanke ya ɗauka. Daga bisani dattijon ya ce za su yi abinsu da kansu, amma Yaya ba zai sake kawo baƙo ba sai damina uku ta wuce. Yaya ya tambaya ko shi kaɗai zai iya zuwa gaisuwa. Dattijon ya ce ba a rufe wa mai gaisuwa hanya.

A hanyar komawa masauki na jira faɗa. Na so ma a yi mini faɗan, da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sa'adu, ba ni wuƙar." Na ba shi. Ya zazzage sauran dabinon da ke wata 'yar jakar yadi, ya jefa ta ciki. Sauran 'yan tafiya kuwa ya ce musu an samu matsala, shi ya jawo, gobe da sassafe za a sauka.

Wannan "shi ya jawo" ita ta biyo shi har Jidda. Kafin wata guda labari ya yi rassa. Wasu suka ce ya cuci mutanen ƙauye sun kore shi, wasu suka ce dama an faɗa, ƙarshen mai yawon gidan gumaka ke nan. Masu son hawa tudu suka daina binsa. A majalisarmu ta bayan magariba an sha faɗar haka ina zaune, ina zuba shayi, na yi gum. Tsoro nake kada a ce mai turaren da bai iya bambance ud da kara ba, wa zai ƙara sayen kayansa? Na zaɓi kasuwata a kan sunan yayana. Ba ni da wata hanyar da zan faɗe shi ya yi daɗin ji.

Shi kuwa damina uku yana hawa tudun nan shi kaɗai, ya bar baƙinsa a garin bakin kogi, ya kai dabino, ya zauna, ya sha ruwan zafi, ya sauko. A ta huɗu suka ce ya kawo mutanensa. Tun daga ranar ya kafa sabuwar ƙa'ida: a bakin dajin zai buɗe jakar nan, kowa ya jefa wuƙarsa, da abin yankan farce, da ashana, sai an fito a raba. Mutane suna ta yi masa tsiya, wai Madugu ya zama jami'in filin jirgi. Yakan yi murmushi ya ce, "Yalla, maza a zuba."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu mutum yana kwance a ɗakinsa a unguwar Khumra zai shirya tafiyar gaba ɗaya ta waya, ya ga haikalin kafin ya je, in ya je ma ta gilashin wayar zai kalle shi. Na tabbata da ya yi mita a kan wannan, don yana cewa a fara kallo da ido kafin a ɗauki hoto. Amma ban jin zai ƙi zamanin. Masu cewa gidan gumaka sun yi shiru, 'ya'yansu ma suna neman gurbi. Abin da zai fi faranta masa kuwa shi ne 'yarsa Ruƙayya ce ke jan tafiyar yanzu, da mata da maza a cikin ayarin, kuma ita ma a baya take tafiya. Hausarta tana ɗingishi, rabin zancenta Larabci ne, amma dattawan ƙauyen suna miƙe mata.

Bara na bi ta. Alhaji Yusufu ya tsufa, ba ya iya hawa tudu, amma jakar tana rataye a gidansa, shi ya miƙa mata. A bakin dajin ta buɗe ta. Wani injiniya da ke cikinmu ya tambayi dalili, ta ce haka Baba ke yi, bai taɓa faɗa mata ba. Sai wani ɗan kasuwa ya ce, ba da mugun nufi ba, ai ya ji an taɓa korar marigayi daga nan. Na ga fuskar Ruƙayya ta canja. Ta ci gaba da karɓar kaya. A nan na gane shirun da na yi bai mutu tare da Yaya ba, ita ke ɗauke da shi yanzu.

Da muka fito ta raba wa kowa nasa. Guda ɗaya ta saura a gindin jakar, 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho, duk ta yi tsatsa. Ta ɗaga ta tana dariya, ta ce kullum wannan ke saura. Ta taɓa tambayar babanta ta wane ne, ya ce a bar ta, mai ita zai zo ya karɓa.

Na miƙa hannu. Na ce, "Tawa ce, Ruƙayya."

Na ba su labarin a tsaye, tun daga farin ɓawo har damina uku, ban rage komai ba, har da warin ɗanyen kara. Wasu sun yi dariya a nan, kuma sun kyauta. Ruƙayya ba ta yi ba. Idonta ya kawo ruwa, sannan ta sa mini wuƙar a tafin hannu ta ce, "Halas, ya Ammi, shi ke nan Baffa. Ya ce za ka zo."

Yaya Ɗahiru bai bar gida ba, bai bar shago ba. Ya bar hanya ɗaya da ke hawa tudu, wadda ya buɗe da gaisuwa, na rufe ta da wuƙa, ya sake buɗe ta da haƙuri. Ya bar 'ya mai tafiya a bayan ayari. Ya kuma bar mini wurin da zan gyara laifina, ya jira ni har bayan ransa bai tona ni ba. Ina ƙaunarsa, kuma ina jin kunyarsa, duka biyun ba su ragu ba cikin shekara bakwai.

Mutum tara ne suka ji wannan magana a bakin daji. Waɗanda suka ji ta farko a majalisun Jidda sun fi haka yawa, kuma saboda su na rubuta wannan. Wuƙar tana kan teburin shagona, duk mai so ya zo ya gani. Allah Ya gafarta wa Madugu, Ya haskaka kabarinsa. Ba a taɓa korarsa daga ko'ina ba. Wanda ya kankari itacen mutane ni ne, Sa'adu mai turare.