Ammu Muntaka, Mai Aiken Yara da Tambaya

Kafin a buɗe filin ƙanƙarar da ke cikin wani babban kanti a nan Jidda, Ammu Muntaka (ammu, wato baffa da Larabci) ya riga ya jera takalman zamiya, ya taɓa kaifin kowane ƙarfe da yatsa. Shekara da shekaru aikinsa ke nan, ya durƙusa gaban yara ya ɗaure musu igiya. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun ce halas, wato ya isa haka.

Ni direba ne a unguwar Abhur, karatuna bai yi nisa ba. Bara makaranta ta kira ni, wai 'yata Sajida ba ta buɗe baki a aji, in ba a ga canji ba za ta maimaita shekara. Hankalina ya tashi. Uwarta ce ta ce a kai ta wasan ƙanƙara ko za ta sake. Don tsoron sanyi na jibga mata riguna uku.

"Ya akhi, ɗan'uwa, cikin firji za ka ajiye ta?" in ji Muntaka. "Cire biyu, gumi za ta yi."

Da ta faɗi ta tashi da wando a jiƙe, sai ta raɗa masa, "Ammu, lesh, me ya sa ƙanƙara take da ruwa a sama?"

"Wallahi ban sani ba, 'yata, ni igiya nake ɗaurewa. Tambayo malamar kimiyya, ki kawo mini amsa ran Juma'a."

Ashe haka yake yi wa kowane yaro, iyaye da yawa sun shaida mini. Me ya sa mai juyi yake ƙara sauri in ya naɗe hannuwansa? Tambayo. Zagayen filin nan mita nawa ne? Ga malamin lissafi can. A wace ƙasa tafki yake daskarewa? A duba taswira. Kuma in yaron Bahaushe ne irinsa, da Hausa yake son amsar, ko ta fito a karkace.

Sajida ta koma masa hannu wofi, ya ce yana jira. Kunyar dattijo ta fi mata tsoron aji, sai ta ɗaga hannu ta tambayi malamar.

Kai ne, Muntaka, mai durƙuso gaban na ƙasa da shi, wanda bai ji nauyin cewa bai sani ba. Allah ya saka maka, ya ba gwiwoyinka lafiya. Mu iyaye, in yaro ya tambaye mu abin da ya fi ƙarfinmu, mu daina cewa "yi mini shiru". Mu aike shi, mu jira amsar.

Sajida ta wuce aji na gaba. Malamarta ta sake kirana, wai yarinyar ta cika tambaya.