Ƙafa huɗu, ba yaji: shekara bakwai bayan Dakta Yusha'u

Shekara bakwai ke nan da rasuwar taubashina, Dakta Yusha'u. Shi ya yi boko har ya ƙure malamansa, ni na tsaya a aji uku, na kama fawa a kasuwar Sabon Gari. Ko wannan rubutun sai da na ci biro biyu.

Wata rana ya zo daga jami'arsu da ke Samaru, wai yana son ƙafar saniya huɗu don aiki. Na ce, "Bawana, yaushe farfesu ya zama aiki?" Ya zauna ya yi mini bayani. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a ɓargon mutum da ba su zaɓi sana'a ba tukuna, suna iya zama ƙashi ko guringuntsi. Sai dai sun fi son masauki mai laushi, irin romon ƙafa idan ya huce ya daskare. Irinsa yake tacewa daga ƙafar, ya rene su a ciki. Ya dubi gwiwata da tsayuwar shekara arba'in ta cinye, ya ce, "In da rabo, za ka sake sujada ba kujera."

To, mahauci ba ya aika wa ɗan'uwa nama gaya. Na sa aka dafa ƙafafun da citta da daddawa da yaji, na kai masa ɗakin bincike a kwano. Ya buɗe, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ka kashe mini mako guda." Sannan ya kira abokan aikinsa suka cinye tas.

Yau Dakta Rifkatu, wadda ya koyar, ita ke riƙe da aikin. Watan jiya ta nuna mini hoto a waya: ƙwayoyin sun bazu cikin daskararren abin nan kamar yaɗon kabewa. Da yana nan, na san ba zai yi tsalle ba, cewa zai yi a sake gwadawa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji shi, kodayake shi ta hana shi.

Na tambaye ta, "Gwiwata fa?" Ta ce, "Baba, ba zan ruɗe ka ba, da saura. Wataƙila jikokinka."

Har yanzu a kujera nake salla, a kanta nake roƙa masa gafara. Alkawarin bai cika a kaina ba, amma bai mutu da shi ba. Duk Talata ina ware ƙafa huɗu in aika Samaru, ɗanyu, ko gishiri babu. Allah ya jiƙan bawana.