Rumfar Inna da Baba Mutari Ya Kafa

Daga Allah muke, kuma gare Shi ne makoma. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab, bayan la'asar, aka sanar da mu cewa Baba Mutari kafinta ya rasu a gidansa nan Gaya.

Baba, ban san ka da yawan magana ba, don haka ni ma zan taƙaita.

Shekara uku ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Innata. Ta shige ɗaki, ta ƙi fita, ta ƙi motsa hannun dama duk da faɗan likita. Abu ɗaya take ambato, rumfar duma irin ta gidan mahaifinta a Tunuga. Ni kuwa, da digirina na ilimin noma daga Yamai, na samo hoto a salula: doguwar rumfa ta farin katako, mita uku, irin wadda turawa ke shan shayi a ciki.

Da na nuna maka, ka daɗe kana kallon hoton, sannan ka ce, "Madam, ta yi kyau. Gara mai cin katako ma za ta gode miki. Wa zai zauna ƙarƙashinta?"

Ka yi sallama ɗakin Inna, ka durƙusa kuka gaisa. Ka ce, "Hajiya, ɗaga mini hannun nan mu gani." Ta ce ya mutu. Ka ce, "Ai ban ji an yi masa sallah ba." Ta yi tsaki, ta ɗaga shi da ƙyar. Ka ɗauki gawayi ka yi alama a bango inda hannun ya tsaya, ka ƙara faɗin yatsa huɗu a sama. Awonka ke nan.

Ka kawo azarar namijin giginya, ka babbake gindin kowane ginshiƙi kafin ka binne shi, ka kauce wa iskar gabas. Rumfar ta fito gajeriya, baƙa, ba ta kama da hotona ko kaɗan. Har yau ina buga goshi a jikinta.

Da damina ta sauka duma ya fara yaɗo, kullum sai ka biyo ka ce, "Hajiya, ga wani reshe can ya ɓata hanya, ni kuwa ina sauri." Tana zaginka, tana miƙa hannu daga kujera tana ɗora shi kan azara. Kafin lokacin kaka, hannunta ya kai yatsa huɗun nan.

Na faɗa mata rasuwarka. Ta sa aka sauko da busassun duma, ta fafe ludayi shida da hannunta, ta ce a kai gidanka masu zaman makoki su sha kunu.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ka a inuwarSa. Ga Hajjo matarka, da 'ya'yanka Barira da Zahradeen, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.