Jar Fitila a Ƙarƙashin Teku

Ni na kai 'yata koyon iyo da hannuna, don haka babu wanda zan ɗora wa laifi. Akwai wani wurin ninƙaya na hukuma kusa da gidanmu a unguwar Ladywood ta Birmingham, yara suna shiga kyauta, ni kuma ba na ƙin kyauta. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka rufe shi, na ce alhamdu lillahi, an huta. Ashe ruwa ya riga ya shiga ran 'yata.

Tana shekarar ƙarshe a jami'a ta ce aikinta ɗaukar hoton dokin teku ne, da daddare, a ƙarƙashin ruwa. Ta nuna mini a waya. Abu bai kai yatsa ba, kai irin na doki, wutsiya a naɗe, wai kuma namijin ke ɗaukar ciki. Har yau ban gane amfaninsa ba.

Mahaifiyarta ta ce ba za a yi ba sai da ni. Ni da ko a dam ɗin Tiga ban taɓa tsoma ƙafa ba. Muka tuƙa daga Birmingham har gaɓar teku ta kudu.

Kafin ta nutse da malaminsu ta ce, "Baba, muddin kana ganin hasken torch ɗina, I'm fine. Kada ka damu."

Na tsaya kan yashi da kaftani da rigar sanyi, riƙe da fulas ɗin shayi, ina bin wani farin haske da ke yawo cikin baƙin ruwa. Duk addu'ar da na sani na karanta, wasu sau biyu. Can sai hasken ya mutu.

Tsoro irin wannan ban taɓa ji ba. Ban san lokacin da na shiga ba. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ina kiran sunanta ina dukan ruwa da fulas. Me zan yi in na isa? Ban sani ba.

Sai ga ta ta ɓullo dab da ni, ta cire abin numfashi daga baki. Ita ta ja ni zuwa gaɓa.

"Baba, farin haske yana firgita dawakin teku. In mun samu ɗaya, sai mu kashe, mu kunna ja. Daga sama ba a gani."

"To kin samu?"

"Na samu. Sai muka ji hayaniya." Ta dubi jiƙaƙƙen kaftanina. "Na manta ban gaya maka ba."

Ba su sake ganin wani dokin teku ba duk bazarar. Hoto ɗaya ta fito da shi a daren, ta ɗauke shi tana iyo zuwa gare ni: ƙafafuwa biyu cikin safa da takalmin ofis, a tsaye a cikin ciyawar teku. Shi ta rataya a ɗakinta. Na tambaye ta ko tsiya take mini, ta ce a'a. Na ce to me ya sa? Ta ce, "Ba ka iya ruwa ba, Baba."