Sha'aibu Matuƙi da Izinin Adda

Shekarar Sha'aibu talatin da takwas a duniya, bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Kada wani ya yi saurin ɗaukar alhakinta, ba ƙiyayya ba ce. Ɗan fari ne, ita kuwa Mairama Bafulatana ce ta wani ƙauye kusa da Zurmi, daga gidan da ba a wasa da kunyar ɗan fari. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan", in ranar ta sake ƙwarai ta ce "na Kaura". Shi ma Adda yake ce mata, yadda ya taso ya ji ƙannenta suna kira.

Ana yaye shi aka miƙa shi ga baffansa Jibrin, ma'aikacin reluwe a Kaura Namoda. A bayan gidansu layin dogo ya ƙare, ƙarafan nan guda biyu suka zo tun daga teku suka tsaya cak a cikin ciyawa. Sha'aibu yakan hau rufin wani tsohon tarago ya kwanta rigingine, yana kallon jiragen saman da ke wucewa can ƙololuwa, masu jan farin zare a bayansu ba tare da an ji ƙararsu ba. A ransa ya yanke cewa tunda hanya ta ƙare a ƙasa, ragowarta tana sama.

Da hutu akan kai shi ƙauye. Mairama ba ta dubansa, ba ta tanka masa. Amma duk inda ya zauna sai ya tarar da ƙwaryar fura a gefensa, wadda nononta ya fi na kowa kauri. In yana hira da 'yan gidan, sai ya hango inuwarta ta jikin zana, ta tsaya da tsintsiya a hannu, sharar ba ta gaba ba ta baya. Da irin waɗannan ya san uwarsa, kuma sun ishe shi.

Ya samu gurbi a makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, ya fito, ya yi shekara tara a Kudu yana tuƙa ƙananan jirage masu kai ma'aikatan mai, har da waɗanda ke sauka a kan ruwa. Rana ɗaya kamfanin ya durƙushe. Ya kwaso matarsa Zubaida, 'yar Shinkafi, da 'ya'yansu biyu, ya dawo Kaura. Mutanen Kaura kuwa ba su bar shi ya huta ba. In ya wuce a kan babur sai a ɗaga murya daga majalisa: "Kyaftin, yau wace ƙasa munka nuhwa?" Ya yi dariya ya ɗaga hannu, amma abin yana cin sa.

Wata goma sha ɗaya ya yi yana neman aiki a ƙasashen waje. Kullum da hantsi yana gindin darbejiyar tsohuwar tasha, inda sabis ya fi ƙarfi, da kwamfuta a cinya, yana tura lasisi, takardar likita da lissafin awoyin da ya yi a sama. Wasu su ba shi haƙuri, wasu ko kallo. Kafin amsa ta zo yakan riga ya tare a ƙasar cikin ransa, ya kama gida, ya sa yara makaranta, har ya san masallacin da zai riƙa Juma'a.

Da aka kira shi intabiyu na farko a wata ƙasar Larabawa, an shigar da shi ɗakin gwaji, wanda aka ƙera kamar kan jirgi sak, aka haɗa shi da wani tsohon kyaftin mai furfura. Suna gab da sauka tsohon ya yi ƙasa fiye da kima, da gangan. Sha'aibu ya gani sarai. Ya yi gyaran murya. Ya sunkuyar da kai ya ce, cikin ladabi, ko za a ɗan sake duba tsayin in ba damuwa. Kafin ya kai ƙarshen ladabin sun rungumi dutsen da ke cikin allon.

Mai gwajin ya ce, "Ka ga kuskuren?"

"Na gani."

"Me ya hana ka karɓe jirgin?"

Me zai ce? Tsohon kyaftin ɗin sa'an Baffa Jibrin ne. A inda aka rene shi, yaro ba ya kallon tsabar idon babba ya ce masa ya yi kuskure, balle ya fizge abu daga hannunsa. Ya dawo Kaura da kunya biyu. Zubaida ce ta ɗauki gyaransa. Takan zauna a kujerar tsakar gida da faifai a hannu a matsayin sitiyari, ta ɗaure fuska irin ta tsofaffi, shi kuma ya daka mata tsawa: "Ka yi ƙasa da yawa! Na karɓi jirgi!" Sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana ba su haƙuri, wai zaman aure ɗan lallashi ne.

A gwaji na biyu ya yi tsawar a kan lokaci. Wani kamfani na tsibiran Maldibs, can tsakiyar tekun Indiya, ya ɗauke shi mataimakin matuƙi na shekara biyu. Saura izinin Adda. Baffa Jibrin ne ya hau mota ya je Zurmi, ya dawo kafin la'asar saboda halin hanya, ya ce, "Ta ce Allah shi kiyaye." Ranar bankwana Sha'aibu ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ita tana ciki tana yi wa ƙanwarsa Salima faɗan wata akuya. Ya tashi ya tafi da abin da Baffa ya kawo masa.

Ƙasar da ya tarar kusan ba ƙasa ba ce. Ruwa ne ko'ina, shuɗi a nan, kore a can, wani wurin garai-garai har kana ganin inuwar jirginka tana tafiya a kan yashin ƙasan teku. Tsibiran a warwatse kamar an shanya faya-fayai. Jiragen suna da ƙafafun kwalekwale, da rana kaɗai suke tashi, matuƙan kuwa ba sa sa takalmi, da tafin ƙafa suke taka abin juya jirgi. Yakan tuna yadda Baffa ya sha zane shi a kan yawo ba takalmi, ya yi murmushi shi kaɗai.

Wani lokaci, in sun daidaita a sama injin ya kama waƙarsa guda, sai tekun ya rikiɗe masa. Ya ga gonakin gero na hanyar Ɗan Isa a cikin Agusta, iska tana kwantar da su tana tayarwa. Farin kumfan bakin tsibiri ya zama garken shanu yana gangarawa mashaya. Sai kyaftin ya yi magana a kunnensa, gonakin su nutse, ya koma ga allonsa.

Mutanen ƙasar Musulmi ne, yana jin kiran salla daga ɗakinsa, wannan ya rage masa baƙunta. Abinci ne dai: kifi da safe, kifi da rana, in ka ce ka gaji a kawo maka wani kifin da kwakwa. Ranar da ƙullin kuka da daddawa ya iso daga Zubaida ya kaɗa miya, abokin ɗakinsa ɗan Sirilanka ya kwashi katifarsa ya koma baranda. A hankali ya koyi kiran mai furfura da gundarin sunansa, ya koyi kallon ido, ya koyi cewa a'a ba tare da kewaye-kewaye ba. Har yabonsa ake yi a kan haka.

Abu ɗaya ne ya ƙi saituwa. Duk abin da ke tsakaninsa da Adda abin gani ne, ga shi waya ba ta ɗauko ƙwaryar fura, ba ta nuna inuwa a jikin zana. Kowace Juma'a yakan kira Salima, wadda ke aure a maƙwabtan gidan. Yana jin kaji, yana jin taɓarya, wani lokaci tari guda wanda ya san mai shi. Salima ta ce, "Adda na gaishe ka," da saurin da ke nuna ba wanda ya aiko ta. Kewa ta kama shi irin wadda bai taɓa sani ba, kewar mutumin da ko can ba hira suke yi ba.

Cikin shekara ta biyu Baffa Jibrin ya rasu, ta waya ya karɓi gaisuwa. Da kwantiragi ya zo ƙarewa kamfanin ya miƙo masa sabo: kujerar kyaftin, shekara biyar, da damar kawo iyalinsa. Mako uku aka ba shi ya sa hannu ko a ba wani. Zubaida har ta fara tambayar ko ana samun lalle a can. Shi kuwa ya ajiye takardar a aljihun jaka. Shekara biyar ba wasa ba ce ga tsohuwa mai tari, kuma ba zai ɗauke su ba sai da yardarta. Mai kawo masa yardar ya kwanta dama. Salima ta ce, "Ta yarda mana, Yaya," amma Salima ko cewa ya yi zai koma duniyar wata da zama haka za ta ce. Har ya fara shakkar ko wancan "Allah shi kiyaye" ɗin ma daga bakin Baffa kaɗai ya fito.

Nan ne ilimin ɗakin gwaji ya yaudare shi. Ya ce ai magana a fito da ita fili, shi ne lafiyar kowa. Ya sa Salima ta kunna kiran bidiyo ta juya wayar. Ga Mairama a kan tabarma tana tsince wake, ta tsufa fiye da yadda ya bar ta. Ya dube ta ido cikin ido ya ce, "Adda, ni na, Sha'aibu. Kin yarda in ƙara shekara biyat, ko in dawo? Ki hwaɗa min da bakinki."

Tiren waken ya zame daga cinyarta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Salima, ɗauke abin ga." Ta miƙe ta shige ɗaki.

Salima ta wanke shi tas daga baya. "Yaya, mi yas same ka? Gaban matan gida hwa! Ko Turawan sun canye maka hankali?" Juma'a biyu a jere, da wayar ta yi ƙara Mairama ke barin tsakar gidan. Ko tarin ya daina ji. Ya yi nadama ƙwarai, ya rasa ta inda zai gyara.

Ranar Alhamis ɗin da wa'adi ke cika, bayan azahar, jirginsu na ɗaure a wani dandamalin katako da ke yawo a kan ruwa, suna jiran fasinja. Ya riga ya shirya cewa in an koma zai ce musu ya gode, su ba wani. Ya zauna ya zura ƙafafu a ruwa, ya kira Salima don ta sanar da gida yana tafe. A Zurmi hantsi ne. Wayar ta yi ta ƙara, har zai kashe aka ɗauka.

Ya yi sallama. Sannan aka amsa can ƙasa-ƙasa, da muryar da ba ta Salima ba.

"Ba ta nan. Sun tahi suna, ta bar abin nan."

Muryar Adda ce. Ya jira ta kashe, ba ta kashe ba. Yana jin numfashinta, da kukan kurciya a bayanta. Sai ya tsinci kansa ya janye ƙafafunsa daga ruwa ya durƙusa a kan katakon, kansa a sunkuye, ko da yake ba mai ganinsa sai kifaye.

"To," ya ce a hankali. "Ko za a taimaka a kai ma Adda saƙo? A ce mata na Kaura ya yi wauta, shina neman gahwara. A ce mata mutanen nan sun ce shi ƙara shekara biyat, shi ko ba ya iyawa sai abin da tac ce. In ta ce shi dawo, gobe shina hanya."

Shirun ya yi tsawo har ya duba ko sabis ne ya ɗauke.

"An kai mata," in ji Mairama. Ta yi tari. "Ta ce ba komi. Ta ce tun tahiyar hwarko ba ta so ba, Jibrin na yaƙ ƙi kawo wannan rabin. Ruwa ba wurin zaman mutum ba na."

Ya runtse ido. "To a ce mata shina dawowa."

"Ba ta gama ba." Muryar ta ɗan yi kaifi, irin wadda yakan ji ana yi wa Salima. "Ta ce shi zamna. Ta ga abin da zaman Kaura yay yi mai, ba ta son ta sake gani. Shi ɗauki matatai da ɗiyanai. Ta yarda, duniya da lahira, Allah shi yi albarka."

Sha'aibu ya amsa da amin. Hawaye suka zubo masa, ya bar su. Daga nesa kwalekwalen fasinja ya taso, kyaftin yana ɗaga masa hannu.

"A ce mata ya gode," ya samu ya faɗa.

"Za a hwaɗa mata." Ta yi jim, kamar mai duba ƙofa. Sannan ta rage murya. "Ta ce kuma shi bar kiran Juma'a, gidan cike shike da mutane. Ran Lahadi Salima na tahiya kasuwa, nan taka barin wayar. Shi kira da hantsi. Ba kowa gida."