Mutumin da ke ɗaura taya a Amurka

Shekarun baya, ina malamin kwantaragi a wata lise, wato babbar sakandare, a nan Damagaram, aka ce anspekter mai duba malamai zai shigo ajina ranar Talata. Abin da ya rubuta a kaina shi zai sa a riƙe ni ko a sallame ni. Ga shi matata na da tsohon ciki. Darasin da ya faɗo mini kuwa shi ne Amurka ta wajen shekara ɗari baya, lokacin da masana'antun motoci suka fito da aikin layi.

Na haddace shi tsaf kamar karatun allo. Ranar Lahadi na tafi unguwar Birni wajen mahaifina, wanda baduku ne, na zauna a zaurensa ina ta zuba masa, wai gwaji nake. Shi kuwa yana ɗinkin jaka, ko ɗaga kai bai yi ba.

Na ce, "Baba, ku ji dabara. Mota ce ke tafiya a kan bel, ma'aikata na tsaye. Wannan taya kawai yake ɗaurawa, wancan ƙofa. Mota ta yi araha, albashi ya ƙaru, har talaka ya hau."

Ya kira ni yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, ya ce, "To Mushe, shi mai tayar, in ya shekara ashirin, ya iya haɗa mota?"

Na ce a'a.

"In aka sallame shi fa, me zai je ya ce ya iya?"

Wallahi haushi ya kama ni. Na ce masa wannan ba ya cikin littafi. Ya yi murmushi ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ranar Talata na fara zuba haddata. Minti goma, aji ya mutu murus. Wasu na hamma, anspekter na duba agogo, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Da na rasa mafita, sai na ajiye alli na jefa musu tambayar tsohon nan da na raina.

Aji ya tashi. Wata yarinya ta ce gara albashi mai kauri da sana'ar da ba ta ciyarwa. Wani ya ce ƙarya ne, yayansa ya dawo daga Libiya ba abin da ya iya sai ɗaukar bulo. Daga nan na kai su ga shekarun da kasuwa ta rushe a Amurka, masana'antu suka rufe, magidanta suka yi layin karɓar miya. Har aka buga ƙararrawa ba wanda ya miƙe.

A waje anspekter ya ce, "Tambayar nan, a wane littafi ka samo ta?"

Na so in yi ƙarya, sai kunya ta hana ni. Na ce, "Ta mahaifina ce, baduku ne a Birni." Ya ce in gaishe shi. Aka riƙe ni.

Yau shekara shida da rasuwar Baba, kuma har gobe ina gode wa Allah da ya ba ni uba irinsa. Ni na haddace motoci, shi ya hango mutum. Da na je masa da albishir a ranar, ya yi hamdala, ya sa mini albarka. Har na kai bakin zaure ya kira ni.

"Mushe, ba ka gaya mini ba. Shi mai tayar, daga baya ya samu wani aikin?"