Toka a Gindin Kwalba

Ina aji uku a sakandaren 'yan mata aka yi mana gwajin da zai raba mu gida biyu: masu wucewa ajin kimiyya, da masu tafiya ajin girki da ɗinki. Ni kimiyya nake so, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba. A lokacin ko sunana aka kira a aji da ƙyar nake amsawa.

Aikin ba wuya. Kowane tebur an ajiye siraran kwalabe uku da ruwa a ciki, da 'yan guntayen takardar litmos, ja da shuɗiya. Idan shuɗiya ta koma ja, ruwan asid ne, dangin tsami. Idan ja ta koma shuɗiya, bes ne, dangin kanwa. Idan ba wadda ta canza, ruwa ne zalla. Malaminmu kuwa bai taɓa sauya jeri ba, kullum ruwa yake sawa a ta uku, kuma duk ajin an sani.

Na tsoma jar takarda a kwalba ta uku, sai bakinta ya yi shuɗi. Ba sosai ba, amma ya yi. Na sake da sabuwa, haka. Na ɗaga kwalbar wajen taga, na ga wani ɗan gari-gari ya kwanta a gindinta.

Wadda muke tebur ɗaya ta zungure ni. "Ke, me kike ta leƙe? Rubuta ba canji mu tashi."

"Ai ta canza."

"Tawa ma ta canza. Sai me? Ke za ki koya wa Malam aikinsa?"

Na rubuta abin da na gani.

Ran da aka dawo da takardu, tawa ya riƙe a hannu ya karanta wa aji. "Ga wata ta gano mana cewa ruwa bes ne. Ko ruwan Unguwar Kanawa ne daban da na duniya?" Aka kwashe da dariya, har da waɗanda na ga takardarsu ta yi shuɗi da idona. Na sunkuyar da kai ina kallon wani ƙusa da ya fito a jikin bencina. Maki biyu na rasa, kuma maki biyun nan ne tsakanina da ajin kimiyya.

Na san daga ina garin ya fito. Akwai tsohuwar da muke kira Iya, ita ke wanke kayan ɗakin gwaji. Sabulu ya ƙare tun farkon zango, na kuma gan ta a bakin famfo tana dirje kwalaben da tokar murhun makaranta, yadda kowace mace ke yi wa tukunyarta. Ta wanke su fes, ɗauraya ce ba ta kai gindi ba.

A gida na tarar Inna ta jiƙa zoɓo. Na ɗiba a kofi, na tsiyaya ruwan toka a ciki, jan nan ya juye ya zama kore mai duhu.

"Ke 'yar nan, zoɓon nawa kike wa wannan ta'asa?"

Na gaya mata komai, ina kuka.

"Yo wannan har sai an je boko? Da me nake kashe tsamin yakuwa in kanwa ta ƙare? Shi malamin naku ba a miya a gidansu?"

Washegari na ɗauki zoɓo a kwalbar magani na tafi. Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishin malamai ina komawa. A na uku na shiga. Na zuba ruwan famfo a ɗaya daga kwalaben nan da na ɗauko a ɗakin gwaji, na girgiza, na ɗiga zoɓo. Ya yi kore a gabansa. Ban ambaci Iya ba, na ce dai akwai toka a ciki.

Ya daɗe yana juya kwalbar. Ya gani, wallahi ya gani. Sannan ya ce, "Sunaye sun riga sun tafi wajen shugaba. Kuma ai 'yan'uwanki duk sun ci. Ke kaɗai ce mai ido?"

Ya jawo littafinsa ya ci gaba da rubutu. Kwalbar zoɓon ma bai miƙo mini ba, ni kuma na kasa cewa ya ba ni. Har yau haushin wannan shirun nawa ya fi ci mini rai.

Shekara biyu na yi ina koyon kalmasa da toya kek, ina hango 'yan ajin kimiyya ta taga sanye da fararen riguna.

Ƙanwata ta shiga makarantar a bayana. Wata rana ta dawo da murna, ta ce malamin nan namu na kimiyya ya nuna musu abin mamaki, wai da zoɓo ma ana gane asid da bes, kuma ya ce shi ya gano haka da kansa. Ta ce ya umarci kowa ta zo da nata gobe, ko zan taya ta jiƙawa. Na ce ta je ta tambayi Inna, na shige ɗaki na turo ƙofa.